Matsalolin bodi da sakata a motocin akori-kura

Akori-kura mota ce da aka raba jikinta gida biyu: kai, inda direba da fasinja ke zama, da buɗaɗɗen akwatin kaya a baya. A yawancin samfurori kowannensu a ɗaure yake daban a kan shasi mai siffar tsani, da notuna da robobi masu shanye girgiza. Wannan tsari ne ya ba motar juriya, kuma daga gare shi mafi yawan matsalolin bodinta ke tasowa. Shasi yana murɗawa idan motar ta shiga gargada ko ta sha kaya, kai da akwati kowa yana motsinsa, ƙofofi da marfin baya kuma suna gocewa kaɗan-kaɗan daga inda aka saita su. Sau da yawa sakatar da ta ƙi kamawa lafiyarta ƙalau, abin da take kamawa ne ya matsa.

Tarihi

Galibi ana ɗaukar motar Model T mai akwatin kaya, wadda Ford ya fitar a 1925, a matsayin akori-kura ta farko da kamfanin ya haɗa gaba ɗaya a masana'anta. Kafin nan masu motoci ne kan cire bayan mota su sa a ƙera musu akwatin katako. Ko bayan ƙarfe ya maye gurbin katako a bangon akwatin, daɓensa ya daɗe yana zama na katako mai layukan ƙarfe a wasu samfurori. Marfin baya na wancan zamani ba shi da sakata: sarƙa biyu ce ke riƙe shi, kowacce da ƙugiya a bakinta. Idan an rufe, a zura ƙugiyar a rami. Idan an buɗe, sarƙar ta ɗauki nauyinsa. Tana da ƙara kuma tana goge fenti, shi ya sa ake sa mata rigar roba, amma da wuya ta lalace. Hannu guda na tsakiya mai jan sakata biyu ya bazu ne a hankali, kusan tsakanin shekarun 1960 da 1970, tare da akwati mai bango biyu wanda ke hana kaya lotsa fatar waje.

Sakatar ƙofa ta fi samun kulawa, saboda rayuka ne a ciki. Ta farko harshe ne kawai mai sifirin, irin na ƙofar ɗaki, wanda ke zamewa da zarar bodi ya murɗe a hatsari. Binciken haɗurra da aka yi a Jami'ar Cornell ta Amurka a shekarun 1950 ya nuna cewa wanda mota ta wurgar waje ya fi wanda ya tsaya a ciki shiga haɗarin mutuwa. Daga wajen 1955 zuwa 1956 kamfanonin Amurka suka fara sa sakata mai sarƙewa da abin kamunta, yadda ko an ja ƙofar gaba ko baya ba za ta saki ba.

A 1968 ƙa'idar Amurka mai lamba 206 ta fara aiki a kan ƙananan motoci, aka faɗaɗa ta zuwa motocin kaya a farkon shekarun 1970. Ta wajabta wa sakata matakin kamu biyu. A cikakken kamu dole ta jure jan da ya kai niyuton 11,000, kwatankwacin nauyin kilo 1,100 da ɗoriya, kuma kada ta buɗe da kanta a girgizar da ta ninka ƙarfin jan ƙasa sau 30. A 2004, ƙa'idar fasaha ta duniya ta farko da aka amince da ita a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya a Geneva a kan makullan ƙofa take. Duk waɗannan sun shafi ƙofofin wurin zaman mutane ne. Marfin akwatin kaya ba ya cikinsu.

Yadda sakata take

A cikin ƙofa akwai ƙugiya mai juyawa wadda ke da baki biyu, da matokari mai sifirin da ke faɗawa cikin haƙoranta. A jikin ginshiƙin mota kuma akwai lanƙwasasshen ƙarfe, makama, da notuna biyu ke riƙe shi. Idan an tura ƙofa, makama ta shiga bakin ƙugiya ta juya ta: ƙarar farko rabin kamu ne, ta biyu cikakke. Hannun ciki da na waje suna ɗaga matokari ta siririyar sanda ko wayar da ke gudu a cikin riga. Sababbin motoci sun ƙara ƙaramin injin lantarki na kullewa da makunnin da ke sanar da direba cewa ƙofa a buɗe take.

Ƙofar da ta sauka

Wannan ita ce matsalar da aka fi gani, kuma ƙofar direba ce kan fara. Fin ɗin hinji yana juyawa a cikin bushin, wato zoben tagulla da ke cikin ramin hinjin. Idan bushin ya cinye, bayan ƙofar ya sauka. Milimita ɗaya ta lalacewa a hinji tana zama milimita da yawa a wajen sakata, domin tsawon ƙofar ya ninka tazarar da ke tsakanin hinji biyun. Alamominta: ƙofa tana tsalle sama idan za ta rufu, sai an buga ta da ƙarfi, saman makama ya goge yana sheƙi, iska kuma tana fito ta saman gilashi.

Gwajin ba wuya. A buɗe ƙofar kaɗan, a kama ƙasanta a ɗaga. Idan ta motsa kafin motar ta motsa, hinji ne. A tallafe ƙofar da jak da katako, a fitar da fin, a buge tsohon bushin, a matsa sabo da noti da washa maimakon guduma domin tagullar kan tsage, a shafa giris, a mayar. Idan ramin hinjin kansa ya zama ƙwai, sabon bushin ba zai zauna ba, sai an canja hinjin ko a yi amfani da bushin mai kauri.

Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne sauke makama don ta dace da ƙofar da ta sauka. Ƙofar za ta rufu na ɗan lokaci, amma nauyinta ya koma kan sakata, robar da ke lulluɓe ƙugiya ta ɓare, daga nan sai ƙara da cin ƙarfe. Makama ana taɓa ta ne bayan hinji ya daidaita. A zagaye wurin zamanta da alƙalami kafin a sassauta, a matsar da ita milimita ɗaya zuwa biyu a kowane gwaji, a duba cewa tazarar ƙofa da bodi, wadda galibi take tsakanin milimita 3 zuwa 5, daidai take sama da ƙasa. Ƙarfin ɗaurin notunan ana bin littafin motar. Don gwada robar ƙofa, a maƙale takarda a rufe: inda ta zare ba tare da turjiya ba, nan robar ba ta matsa.

A motoci masu rabin ƙofa a baya, wadda ke buɗewa ta akasin ta gaba, sakata biyu ce, sama da ƙasa. Robar bakin wayarsu kan bushe ta karye, hannu ya yi sako-sako, ƙofar ta ƙi buɗewa.

Ruwa, sanyi da ƙura

Ruwan sama yana shiga kowace ƙofa ta gefen gilashi, an kuma yi masa ramukan fita a ƙasa. Matsala tana farawa ne idan ya bi ta kan sakata. A ƙasashe masu sanyi yakan daskare ya riƙe matokari a buɗe, ƙofar ta yi kamar ta rufu alhali ba ta kama ba. A watan Oktoba na 2017 Ford ya nemi a mayar masa da motoci kimanin miliyan 1.3 domin gyara, F-150 na 2015 zuwa 2017 da Super Duty na 2017, a kan daskarewar sakata da lanƙwashewar waya. Gyaran ya haɗa da sa mata kariyar ruwa.

A wurare masu ƙura abin daban ne. Giris mai yawa yana tara ƙura ya zama kwaɓi mai gurzar ƙarfe kuma mai danne sifirin. Sai a wanke sakatar da man wanki, a bar ta ta bushe, a sa farin giris ɗan kaɗan a ƙugiya da matokari kawai. Ramin mabuɗi busasshen mai yake so. Man fesawa na kwance tsatsa yana sakin abin da ya cije, amma ba ya daɗewa, don haka ba ya maye gurbin giris. Idan makullin lantarki yana aiki yau gobe ya ƙi, kafin a zargi injinsa a zare robar da ke tsakanin ƙofa da ginshiƙi: wayoyin ciki kan karye saboda lanƙwasar buɗewa da rufewa.

Marfin baya

Hannun tsakiya yana jan sanda biyu zuwa sakatar hagu da ta dama, ƙananan robobi ne kuma ke maƙale sandunan. Idan ɗaya ta karye, gefe guda ya saki, ɗayan ya cije. A cire murfin cikin marfin, a ja sandar da filaya, a canja robobin duka biyu. Idan kaya suna tokare marfin daga ciki, a tura shi ciki yayin da ake jan hannu. Jan ƙarfi shi ke karya hannun roba.

Bangon akwati yana buɗewa waje idan ana yawan loda yashi, itace ko ganguna, ko an ɗora ƙarafan ɗaukar kaya a kansa ba tare da tokari ba. Sai makama ta yi nesa da sakata. A auna faɗin bakin akwatin sama da ƙasa. Idan na sama ya fi, bangon ne za a jawo kafin a taɓa komai.

Igiyar ƙarfen da ke riƙe marfi idan an buɗe tana ruɓewa a ɓoye cikin rigarta ta roba, a daidai inda take naɗewa. Kumburi ko tsagewar rigar alama ce. A 2004 General Motors ya nemi a mayar da motoci kimanin miliyan 4, mafi yawansu Silverado da Sierra na 2000 zuwa 2004, don musanya waɗannan igiyoyi da na ƙarfen da ba ya tsatsa, bayan rahotannin mutanen da suka ji rauni da marfi ya faɗi da su. Ana canja su ne biyu-biyu. Motocin Ram ma an mayar da fiye da miliyan 1 a 2018 saboda wani ɓangare na makullin lantarki da ke iya sakin marfi ana cikin tafiya, an sake mayar da fiye da miliyan 1 a ƙarshen 2022 saboda makamar da ba ta zauna daidai ba.

Batun cewa tafiya da marfi a buɗe tana rage shan mai, yawancin gwaje-gwajen iska ba su goyi bayansa ba.

Tsatsa

Tana farawa ne daga ciki, a inda laka ke kwanciya ta riƙe damshi: kusurwoyin bayan kai, dokin ƙofa, bakin modigad na baya inda fata biyu suka haɗu, ƙasan ƙofa idan ramukan ruwa sun toshe, da ƙarafan da ke gicciye a ƙarƙashin daɓen akwati. Shimfiɗar roba mai tauri da ake jefawa a akwati tana goge fenti tana kuma ɓoye ruwa. Wadda ake fesawa ba ta da wannan aibi, sai dai tana buƙatar a gurza fenti sosai kafin ta kama. Gishirin narkar da ƙanƙara a titi, iskar bakin teku, takin zamani da kashin dabbobi duk suna hanzarta tsatsa.

Kumburin fenti yana nufin ƙarfen ya riga ya huje ko ya kusa, domin kaurin fatar bodi bai kai milimita 1 ba. Gyaran ƙwarai shi ne a yanke har zuwa lafiyayyen ƙarfe, a yi waldar sabon faci ɗigo-ɗigo ana tsallakawa don kada zafi ya murɗe fatar, a shafe bayan facin da fenti da kakin hana tsatsa. Fila, wato kwaɓin da ake cike lotsa da shi, don daidaita fuska take, kuma bai kamata ta wuce kimanin milimita 3 ba. Wadda aka cusa a kan tsatsa tana tsotsar damshi ta baya ta faɗo.

Tsatsar shasi ta fi haɗari. Sassan da ke rufe kamar bututu suna ruɓewa daga ciki, don haka ana gwada su da ƙwanƙwasar guduma, musamman kusa da maratayin sifirin na baya. A 2008 Toyota ya tsawaita garantin tsatsar shasi na Tacoma na 1995 zuwa 2000 ya kuma saye waɗanda suka lalace, a 2016 kuma ya amince da sasancin da aka ƙiyasta zai iya kai dala biliyan 3.4 a kan motoci kimanin miliyan 1.5 a Amurka. Shasi yakan lanƙwashe a tsakanin kai da akwati ko babu tsatsa, idan an tara nauyi a bayan tayoyin baya, abin da ya fi yawa a motoci masu ƙofa huɗu da gajeren akwati. Tazarar kai da akwati da ta fi faɗi a sama ita ce alamar. Idan kuma kai ne ya karkata gefe guda, robobin da yake zaune a kansu ne suka mutu.

Bodin alminiyom

Tun samfurin 2015 bodin F-150 na alminiyom ne, abin da ya rage masa nauyin da ya kai kimanin kilo 300. Ba ya jan tsatsa, amma yana yin farin gari a ƙarƙashin fenti, musamman inda ya haɗu da ƙarfe a cikin damshi. Don haka noti ko ƙarfen da za a ɗaura masa sai an raba su da roba ko rufi, kuma ana ware masa samfefa da kayan aikinsa daban. Ana haɗa sassansa da gam da ƙusoshin matsi fiye da walda. Ana saɓani a kan ko gyaransa ya fi tsada.

Bonet da yoyo

Bonet yana da sakata biyu, ta waya da ta hannu. Ta hannun ce ke cijewa a buɗe saboda rashin mai, ba a kuma lura sai ranar da ta farko ta saki bonet ya rufe gilashin gaba. A duk lokacin canjin mai a tura ta da yatsa a ga ta dawo da kanta.

Ruwan da ake samu a bayan kujerar baya yawanci daga robar fitilar birki ta saman kai yake, ko daga gefen gilashin baya.