Kalmar sirri

Kalmar sirri jerin haruffa ne, ko lambobi, ko alamomi, ko gaurayensu, wanda mutum ke shigarwa a kwamfuta ko waya ko shafin intanet domin ya tabbatar cewa shi ne mai asusun. Ita ce hanyar tantance mai shiga da ta fi yaɗuwa a duniya, kuma da wuya a samu wani abu a harkar tsaron na'urori da ake yawan gardama a kansa kamar ta: yaya tsawonta zai kasance, sau nawa za a canza ta, a rubuta ta ko a haddace, a damƙa wa manhaja ko kada a damƙa. Da yawa daga cikin ƙa'idojin da aka ɗora wa jama'a shekara da shekaru, waɗanda suka kafa su ne suka dawo suka janye su da kansu.

Asali

A farkon shekarun 1960 kwamfuta ɗaya mutane da yawa ke rabawa. A cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, ayarin Fernando Corbató ya gina tsarin CTSS, wanda aka fara gwada shi a 1961, kuma da shi aka fi danganta fara amfani da kalmar sirri a kwamfuta, domin kowa ya samu wurin ajiye fayilolinsa shi kaɗai. Ba a jima ba aka keta ta. A 1962 wani ɗalibin digiri na uku mai suna Allan Scherr, wanda sa'o'i huɗun da aka ware masa a mako ba su ishe shi ba, ya sa na'urar ta buga masa fayil ɗin da ke ɗauke da kalmomin sirrin kowa. Shi da bakinsa ya ba da labarin bayan shekaru masu yawa.

A 1979 Robert Morris da Ken Thompson na Bell Labs sun wallafa nazari kan Unix, wani tsarin gudanar da kwamfuta. Sun tattara kalmomin sirri 3,289, suka tarar kashi 86 cikin 100 gajeru ne ko kuma kalmomi ne da ke cikin ƙamus da jerin sunaye, wato abin da na'ura za ta canka ba tare da wahala ba. Halin ɗan Adam a wannan fanni bai sauya ba har yau. A 2019 cibiyar tsaron intanet ta Birtaniya, NCSC, ta bayyana cewa a cikin bayanan da aka sace aka watsa, asusu miliyan 23.2 ne ke amfani da 123456.

Yadda ake ajiye ta

Shafin da ya san aikinsa ba ya ajiye ainihin kalmar sirrin mutum. Yana ratsa ta cikin wani lissafi mai tafiya gaba kawai, sai ta fito a matsayin dogon jerin haruffa da lambobi wanda ba a iya mayar da shi baya. Wannan sakamakon ake ajiyewa. In mutum ya dawo ya shigar da kalmarsa, sai a sake lissafin a gwada sakamakon da na ajiye. Kafin lissafin ana haɗa wa kowace kalma wasu 'yan lambobi na daban, waɗanda masana ke kira gishiri, domin kada mutum biyu masu kalma iri ɗaya su samu sakamako iri ɗaya. Hanyoyin zamani irin su bcrypt na 1999 da Argon2, wanda ya lashe gasar masana a 2015, da gangan aka sa su jinkiri. Mai asusu ba ya jin ɗan jinkirin nan, amma ga ɓarawon da ke son gwada biliyoyin kalmomi babban cikas ne.

Wannan ɓangaren gaba ɗaya ba ya hannun mai asusu, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. A 2009 an kutsa kamfanin RockYou aka kwashe kalmomin sirri kusan miliyan 32, a rubuce ƙarara ba tare da an ɓoye su ba. Jerin ya zama ƙamus na masu kutse, har gobe da shi ake fara gwaji. A 2012 na LinkedIn kusan miliyan 6.5 suka bayyana a intanet, an ratsa su cikin lissafi amma babu gishiri, sai a 2016 aka gano cewa abin ya haura miliyan 100. Duk ƙarfin kalmar da mutum ya zaɓa, in wanda aka ba amana ya ajiye ta a fili, wahalar banza aka yi.

Tsawo ko sarƙaƙiya

Dokar nan da kowa ya sani, ta cewa sai an sa babban harafi da lamba da alama, ta samu gindin zama ne daga wani jagora da hukumar ma'aunai da fasaha ta Amurka, NIST, ta fitar a farkon shekarun 2000. Bill Burr, wanda ya rubuta wannan sashen, ya shaida wa jaridar Wall Street Journal a 2017 cewa yana nadamar yawancin abin da ya rubuta.

A takarda dokar tana da hujja. Haruffa ƙanana takwas suna ba da hanyoyi kusan biliyan 209, amma in aka buɗe duka haruffa da lambobi da alamomi 95 na allon rubutu, adadin yana ninkuwa sau dubbai. Matsalar ita ce mutane ba sa zaɓe irin na ƙuri'a. In aka ce wa mutum ya sa babban harafi, a farkon kalma zai sa shi. In aka ce ya sa lamba, sai ya manna 1 ko shekarar haihuwarsa a ƙarshe. In aka ce alama, sai ya ƙara alamar motsin rai, ko ya maye a da @, ya maye o da sifili. Manhajojin fasa kalmar sirri sun san duk waɗannan dabarun, da su ma suke farawa. An gudu ba a tsira ba: kalma ta yi wa mai ita wuyar tunawa, ba ta yi wa na'ura wuyar canka ba.

Tsawo kuwa lissafinsa ya fi tsafta. Haruffa ƙanana 16 da aka zaɓa ba bisa tsari ba sun fi gauraye mai tsawon takwas yawan hanyoyi fiye da sau miliyan 6. Daga nan aka samu shawarar jera kalmomi da yawa waɗanda ba su da alaƙa da juna. Tun 1995 Arnold Reinhold ya fito da tsarin Diceware, mai jerin kalmomi 7,776 da ake zaɓa ta hanyar jefa dayis, wato ɗan ludo mai fuska shida, NCSC kuma tana ba da shawarar kalmomi uku. Masu suka suna cewa uku sun yi kaɗan ga abu mai muhimmanci, kuma suna da gaskiya in mutum ne ya zaɓo su daga kansa, domin karin magana ko baitin waƙa ko ayar da kowa ya haddace ba sirri ba ne. A bugun 2017 NIST ta daina goyon bayan tilasta gauraya haruffa, ta ce a bar mutane su rubuta dogo har zuwa haruffa 64 ko fiye, a kuma riƙa ƙin karɓar duk kalmar da aka riga aka gani a jerin waɗanda aka sace.

Canzawa bayan kwana 90

Ma'aikatu da yawa har yanzu suna tilasta wa ma'aikata sabuwar kalmar sirri duk bayan wata uku. Hujjarsu ita ce in an sace kalma ba a sani ba, canjin zai katse wa ɓarawon hanya. Sai dai ɓarawo ba ya jiran wata uku, ranar da ya samu yake amfani da ita. Masu bincike a Jami'ar North Carolina sun nazarci tsofaffin asusu a 2010, suka nuna cewa wanda ya san tsohuwar kalma zai iya gano sabuwar cikin gwaji biyar ko ƙasa da haka a kashi 17 cikin 100 na asusun, saboda mutane lambar ƙarshe kawai suke matsarwa gaba. NIST ta janye shawarar a 2017, Microsoft kuma ya cire ta daga ƙa'idojin tsaron Windows a 2019. Matsayin da aka tsaya a kai shi ne a canza kalma idan akwai alamar ta fita.

Maimaitawa, takarda da manhajar ajiya

Abin da ya fi duk waɗannan hatsari, kuma aka fi raina shi, shi ne amfani da kalma ɗaya a wurare da yawa. Masu kutse suna ɗaukar adireshin imel da kalmar sirri da aka sato daga wani ƙaramin shafi da mutum ya ma manta ya taɓa yin rajista a cikinsa, su sa na'ura ta gwada su a imel da banki da kafofin sada zumunta. Ba sa buƙatar fasa komai. Shafin Have I Been Pwned, wanda Troy Hunt ɗan Ostareliya ya buɗe a 2013, yana nuna wa mutum ko adireshinsa na cikin bayanan da aka sace.

Ba mai iya haddace dogayen kalmomi hamsin mabambanta, don haka dole a ajiye su wani wuri. An daɗe ana tsoratar da mutane kan rubutawa a takarda, amma tun 2005 masanin tsaro Bruce Schneier ya ce a rubuta a ajiye a cikin walat, domin mutane sun iya tsare ƙananan takardu masu daraja. Maganar tana da tushe. Mai kutse daga wata nahiya ba zai iya buɗe littafin da ke cikin akwati ba. Takardar da aka manna a jikin allon kwamfuta a ofis ita ce abin gudu, haka nan gidan da mutum ke zaune da wanda bai yarda da shi ba.

Manhajar ajiye kalmomin sirri tana ƙirƙiro wa kowane shafi tasa kalmar, ta kulle su duka da babbar kalma guda. Tana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba: ba ta cika kalma a shafin bogi, domin adireshin take dubawa, ba kamannin shafin ba. Masu adawa suna cewa tara komai wuri ɗaya kasada ce, kuma abin da ya faru da LastPass, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, a 2022, inda aka kwafe ma'ajiyoyin masu amfani a kulle, ya ba su hujja. Waɗanda babbar kalmarsu ba ta da ƙarfi su ne suka shiga hatsari na gaske. Duk da haka yawancin masana na ganin kasadar manhajar ba ta kai ta maimaita kalma ɗaya ba.

Mataki na biyu da abin da ke tafe

Tantancewa mai mataki biyu tana ƙara wani abu da mutum ke riƙe da shi a kan abin da ya sani. Mafi yaɗuwa ita ce lambar da ake turowa ta saƙon tes, ita ce kuma aka fi suka, domin ɗan damfara zai iya yaudarar kamfanin waya a mayar masa da layin wani. Ta haka aka ƙwace shafin Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, a Agustan 2019. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin dalilin ƙin amfani da ita sam, wanda kuskure ne. Da babu gara ba daɗi, domin tana tare mafi yawan hare-haren da na'ura ke kaiwa a makance. Wadda ta fi ta ƙarfi ita ce manhajar da ke fitar da lambobi shida masu canzawa duk daƙiƙa 30, ko da yake ita ma shafin bogi zai iya karɓar lambar ya yi amfani da ita nan take. Ɗan makullin tsaro, wata 'yar na'ura da ake soka wa kwamfuta, shi ne ya toshe wannan ƙofar. A 2018 Google ya ce tun da ya tilasta wa ma'aikatansa sama da 85,000 amfani da shi a 2017, ba a samu tabbacin ƙwace asusun ko ɗaya ba.

Zanen yatsa da hoton fuska sun kawo sauƙi, amma suna da nasu rauni. Kwanaki kaɗan bayan fitowar iPhone 5s a 2013, ƙungiyar Chaos Computer Club ta Jamus ta buɗe shi da zanen yatsa na roba. A 2015 an sace zanen yatsun mutum miliyan 5.6 daga ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka, kuma yatsa ba a canza shi kamar kalma.

Bill Gates ya yi hasashen mutuwar kalmar sirri tun 2004. Yunƙurin da ya fi kusa da cika wannan hasashe shi ne na ƙawancen kamfanonin fasaha mai suna FIDO da ma'aunin WebAuthn na 2019 na shiga shafi ba tare da kalmar sirri ba, wanda Apple da Google da Microsoft suka sanar da goyon bayansu gare shi tare a watan Mayun 2022. A wannan tsari wayar mutum ce ke riƙe da mabuɗin sirri, shafi kuma yana ajiye abokin mabuɗin wanda ko an sace shi ba ya buɗe komai. Babu abin da za a rubuta, don haka babu abin da ɗan damfara zai roƙa. Gardamar da ta rage ita ce ta ranar da waya ta ɓace ko ta lalace, da kuma wahalar kwashe mabuɗan daga wani kamfani zuwa wani. Shafuka da yawa da suka karɓi sabon tsarin sun bar tsohuwar kalmar sirri da saƙon tes a matsayin hanyar dawo da asusu, kuma ta nan masu kutse ke ci gaba da bi.