Mene ne maganaɗisun babur, kuma ina amfaninsa ya tsaya?

Maganaɗisun babur, wanda makanikai a Maraɗi suka fi kira mayen ƙarfe, ɗan ƙaramin ƙarfe ne mai jawo wani ƙarfen, da ake maƙalawa a bakin notin da ake kwancewa a ƙarƙashin inji idan za a juye baƙin mai. Aikinsa shi ne kama ɓurɓushin da giya da sauran sassan inji ke zubarwa yayin da suke gugar juna, kafin man ya sake zagayawa da shi. Wannan yana da muhimmanci ga ƙananan babura masu inji 125 irin na 'yan kabu-kabu, domin mai ɗaya ne ke shayar da inji da giya da kuloci, kuma da yawansu ba su da matatar takarda, sai 'yar raga kawai. Idan makaniki ya kwance notin ya ga baƙin gari mai laushi, lamarin bai wuce ƙa'ida ba. Idan kuwa ya ga ɓarɓashi masu tsini, to wani abu na cin kansa a ciki, kuma gara a buɗe tun da wuri.

Sai dai maganaɗisu ba ya kama alminiyam ko tagulla, balle ƙurar hunturu da ke shiga ta matatar iska, saboda haka ba ya maye gurbin juyen mai a kan kari. Haka kuma maganaɗisu mai ƙarfin nan da ake yi da wani irin ƙarfe mai suna neodymium, idan ba wanda aka ƙera domin jure zafi ba ne, yakan fara rasa ƙarfinsa da zarar zafi ya haura digiri 80, alhali man inji yakan wuce haka, musamman a watan Afrilu.

Akwai kuma masu cewa maganaɗisun da aka maƙala a ƙarƙashin babur yana sa fitilar ba da hannu ta koma kore. Wannan batu ya shafi wurare irin su Amurka da Turai ne, inda ake binne waya a cikin kwalta domin ta gane tsayuwar abin hawa. Wayar tana jin yawan ƙarfen da ya tsaya a kanta ne, shi ya sa takan kasa gane babur, kuma ɗan maganaɗisu bai cika sauya komai ba. Tsayar da tayoyi daidai kan tsagin kwaltar da aka binne wayar a ciki ya fi shi tasiri. Fitilar da ke aiki da ƙayyadadden lokaci kuwa, irin wadda muka fi sabawa da ita, ba ta jin komai, ko da buhun maganaɗisu aka ɗaura wa babur.