Dokar shekara uku: yaushe ɗan wasan jami'a ke iya shiga zaɓen NFL, kuma wa ke cewa ya shirya?

A duk ƙarshen watan Afrilu, kulob 32 na NFL, babbar gasar ƙwallon zari-ruga ta Amurka, sukan kwashe kwana uku suna rabon sabbin 'yan wasa a tsakaninsu. Zagaye bakwai ake yi. Kulob ɗin da ya fi shan kashi a kakar da ta wuce shi ke fara zaɓa, zakara kuma ya zo ƙarshe, kuma idan aka haɗa da ƙarin guraben da ake ba waɗanda suka rasa 'yan wasa, mutum 250 da 'yan kai ake ɗauka. Kusan dukkansu daga jami'o'i suke fitowa, domin NFL ba ta da makarantun renon yara irin na kulob-kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Turai. Jami'a ke reno, NFL ta zo ta ɗiba. Saboda haka ranar da yaro zai bar jami'a ita ce babbar shawarar rayuwarsa ta wasa, kuma doka ce ta tsara masa ita.

Dokar tana cikin sashe na 6 na yarjejeniyar ƙwadago tsakanin masu kulob da ƙungiyar 'yan wasa, NFLPA. Abin da ta ce shi ne, ba wanda zai shiga zaɓe sai kakar NFL uku ta fara ta ƙare bayan ya gama sakandare, ko bayan 'yan ajin da ya shiga sakandare tare da su sun gama, duk wanda ya riga zuwa. Wanda ya kammala sakandare a tsakiyar 2023 zai ƙirga kakar 2023 da ta 2024 da ta 2025, sannan ƙofa ta buɗe masa a zaɓen Afrilun 2026.

A lura da abin da ba ta ce ba, don a nan mutane ke yawan ruɗewa. Ba ta yanke shekarun haihuwa ba. Amobi Okoye, haifaffen Najeriya da ya gama sakandare da wuri ya shiga Jami'ar Louisville, yana da shekara 19 kulob ɗin Houston Texans ya ɗauke shi a matsayi na 10 a 2007. Ba ta kuma ce sai ka buga kaka uku a jami'a ba. Akwai tsarin da jami'a ke ajiye sabon ɗan wasa shekara guda yana atisaye ba tare da an ƙirga masa kakar ba, kuma tun 2018 yana iya buga har wasa huɗu a cikinta. Wannan shekarar zaman benci tana shiga lissafin NFL. Larry Fitzgerald ma kaka biyu kawai ya yi a Jami'ar Pittsburgh, amma da yake ya yi shekara a wata makarantar share fage bayan 'yan ajinsa sun gama, an ba shi izini a 2004, kulob ɗin Arizona ya ɗauke shi na uku. Lokaci kaɗai dokar ke aunawa. Ko yaro ya nuna ko bai nuna ba, ba ruwanta.

Kafin 1990 shekara huɗu ake jira. An yi wa Barry Sanders sassauci a 1989, shekara ta zagayo aka buɗe wa duk 'yan shekara ta uku. Wanda ya jijjiga dokar sosai shi ne Maurice Clarett, mai ruga da ƙwallo na Jami'ar Ohio State, wanda ya taimaka aka ci kofin ƙasa a shekararsa ta farko, kakar 2002, sannan aka dakatar da shi kakar 2003 gaba ɗaya. Ya kai NFL ƙara yana cewa kulob 32 sun haɗa baki sun hana shi neman abinci, abin da ya saɓa dokar hana babakere a kasuwa. A Fabrairun 2004 mai shari'a Shira Scheindlin ta ba shi gaskiya. A watan Mayu kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, kuma Sonia Sotomayor, wadda yanzu take Kotun Ƙolin Amurka, ita ta rubuta shi. Hujjarta ita ce sharuɗɗan ɗaukar ma'aikata abu ne da ƙungiyar ƙwadago da masu ɗaukar aiki ke da ikon daidaitawa a tsakaninsu, dokar babakere ba ta shiga nan. Daga baya aka rubuta ƙa'idar ƙarara a cikin yarjejeniyar.

Wanda ya fi jin jiki a wannan shari'a ba shi ya kai ƙara ba. Mike Williams na Jami'ar USC, ganin hukuncin farko, ya bayyana shiga zaɓe ya ɗauki wakilin da zai nema masa kwantiragi. Da hukunci ya juya, NFL ta rufe ƙofa, hukumar wasannin jami'o'i NCAA ita ma ta ƙi maido shi. Ya zauna kakar 2004 ba tsuntsu ba tarko. Detroit ta ɗauke shi na 10 a 2005, amma bai taɓa zama abin da aka zata ba. Clarett kuwa Denver ta ɗauke shi a zagaye na uku a 2005, ta sallame shi kafin kaka ta fara.

Ga yadda abin ke tafiya a aikace. Wanda ya cinye duk kakannin da NCAA ta ba shi ba ya bukatar neman izini, sunansa na shiga kai tsaye. Wanda ke da saura, shi ne zai rubuta wa NFL takardar neman izini na musamman, ya sa hannu cewa ya yafe abin da ya rage masa a jami'a. Wa'adin da aka saba shi ne 15 ga Janairu, ana kuma ƙara wa waɗanda suka kai wasan ƙarshe na ƙasa 'yan kwanaki. Bayan wa'adin yana da awa 72 ya janye, muddin bai ƙulla da wakilin da zai nema masa kwantiragin NFL ba. Awa 72 na cika, bakin alƙalami ya bushe. Ko an zaɓe shi ko ba a zaɓe shi ba, ba zai sake buga wa jami'a ba.

To, a tsakiyar Janairu me yaron ya sani game da darajarsa? Kaɗan ƙwarai. Tun 1994 NFL tana da kwamitin ba da shawara na masu tantance 'yan wasa daga kulob-kulob, wanda jami'a ke miƙa wa sunayen yaranta, yawanci biyar, a duba bidiyon wasanninsu. A da kwamitin kan faɗi zagaye daki-daki. A 2014 yara 98 suka fito da wuri, 36 daga cikinsu ba wanda ya kira sunansu. Bayan haka aka rage amsar zuwa uku: zagaye na farko, zagaye na biyu, ko ka koma makaranta. Niyyar tana da kyau, sai dai amsa ta uku ta haɗa wanda za a ɗauka a zagaye na uku da wanda ba za a ɗauka ba sam, alhali tazarar da ke tsakaninsu miliyoyin daloli ce. Wannan giɓin ne 'yan uwa da abokai da masu neman zama wakilai ke cikewa da zaƙin baki.

Ainihin tantancewar kuma sai bayan ƙofa ta rufe ake yin ta. A ƙarshen Fabrairu ake gayyatar mutum sama da 300 zuwa Indiyanafolis, inda ake taron gwaji na Combine tun 1987. Abin da ake nunawa a talabijin shi ne gudun yadi 40, wato kusan mita 36 da rabi, da ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 102 sau iya ƙarfinka, da tsalle sama da tsalle gaba. Xavier Worthy ya yi gudun a daƙiƙa 4.21 a 2024, ba a taɓa yin kamarsa ba. Amma abin da kulob suka fi zuwa nema yana ɗakin likita: hoton gwiwa da kafaɗa da ƙashin baya, awon zuciya, tarihin buguwar kai. A can aka gano matsalar zuciya a jikin Maurice Hurst na Michigan a 2018, mutumin da ake wa kallon zagaye na farko ya gangaro zuwa na biyar. Sai ganawa ta minti 18 da kowane kulob da ya nemi ganinka, inda koci zai zana dabarar wasa a allo, ya goge, ya ja ka da wata hira, sannan ya miƙo maka alƙalami ya ce maimaita.

Dalilin wannan gwajin allo shi ne wasan jami'a da na NFL sun bambanta fiye da yadda mai kallo ke zato. Layukan da ake ajiye ƙwallo a kansu a filin jami'a tazararsu ƙafa 40 ce, a NFL ƙafa 18 da rabi. Ma'ana, a jami'a sau da yawa gefe ɗaya na fili yakan yi faɗi sosai, mai gudu ya samu sarari a banza. A NFL ƙwallo kusan kullum tana tsakiya, sarari sai wanda ka ƙwata. Mai cafe ƙwallo a bakin layi ƙafa ɗaya ta ishe shi a jami'a, a NFL sai biyu. Kakar jami'a wasa 12 ce kafin wasannin ƙarshen shekara, ta NFL 17, bayan wasannin share fage. Ga kuma jiki: yaro ɗan shekara 21 zai tsaya gaban magidanci ɗan shekara 29 mai nauyin kilo 140 wanda ya shekara bakwai yana wannan sana'a. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu kare dokar ke da ita, kuma gaskiya ce ga yawancin yara.

A gurbin kwatabak, mai jefa ƙwallo da ke jan ragamar hari, an fi ganin cewa shekara uku ba ita ce shiri ba. Anthony Richardson ya cika sharaɗin doka tsaf, amma wasa 13 kacal aka fara da shi a Jami'ar Florida kafin Indianapolis Colts ta ɗauke shi na huɗu a 2023, kuma ƙarancin gogewar ya bi shi. Trey Lance wasa 17 aka fara da shi a jami'a, aka ɗauke shi na uku a 2021, San Francisco ta rabu da shi bayan kaka biyu. Shi kuwa Jayden Daniels, da ya yi kaka biyar a jami'o'in Arizona State da LSU, shi ya zama gwarzon sabbin 'yan wasan hari a 2024. Karanta tsaron abokan hamayya cikin daƙiƙa biyu da rabi abu ne da maimaici kaɗai ke koyarwa.

Ta ɗaya ɓangaren, akwai waɗanda dokar ke tsarewa bayan sun riga sun shirya, kowane ƙarin wasa kuma caca ce da jikinsu. Jaylon Smith na Notre Dame ya yi mummunan rauni a gwiwa ranar 1 ga Janairun 2016, a wasansa na ƙarshe a jami'a. Ana sa ran a ɗauke shi a sahun farko-farko, sai ya faɗo na 34. Tun daga lokacin manyan 'yan wasa suka fara ƙaurace wa wasannin ƙarshen shekara.

Kuɗi ma na tura yara waje. Sam Bradford, na ɗaya a 2010, ya sa hannu a kan dala miliyan 78. Yarjejeniyar 2011 ta kawo jadawalin albashin sabbin shiga, Cam Newton, na ɗaya a shekarar, ya samu miliyan 22. Yanzu duk wanda aka zaɓa kwantiragin shekara huɗu yake samu, kulob na da ikon ƙara ta biyar ga 'yan zagaye na farko, kuma ba a sake ciniki sai bayan kaka ta uku. Babban kuɗi yana kwantiragi na biyu, don haka kowa ke son agogonsa ya fara bugawa da wuri, musamman masu ruga da ƙwallo da jikinsu ke saurin gajiya. Wanda ba a zaɓa ba zai iya shiga kowane kulob da kwantiragin shekara uku, amma yana cikin mutum 90 da za a tace su koma 53 kafin kaka ta fara.

Abin da ya sauya lissafin bai fito daga NFL ba. Daga 1 ga Yulin 2021 NCAA ta bar 'yan wasa su karɓi kuɗin talla da sunansu da hotonsu, sannan a Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Mafi ƙarancin albashin sabon ɗan wasan NFL a 2025 dala 840,000 ne, idan ya tsira daga tacewa, kuma fitaccen kwatabak a babbar jami'a na iya samun fiye da haka yana zaune a makaranta. Alƙaluma sun nuna tasirin: yara 106 aka ba izini na musamman a 2018, a 2024 kuwa 54. Har ƙararraki sun juya, Diego Pavia na Jami'ar Vanderbilt a Nuwamban 2024 kotu ya je don a bar shi ya ƙara shekara a jami'a.

Inda gyara ya fi wajaba shi ne awa 72 ɗin nan. A ƙwallon kwando, NCAA tana barin yaro ya je taron gwajin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ya ji ra'ayin kulob-kulob da likitocinsu, sannan ya samu kwana goma ya yanke shawarar komawa makaranta. Babu dalilin kirki da zai sa ɗan zari-ruga, wanda wasansa ya fi haɗari, ya yanke tasa wata guda da rabi kafin likita ya taɓa gwiwarsa. Masu horarwa a jami'a suna son sanin yawan guraben da za su cike tun farkon shekara, wannan bukata ce ta gaskiya, amma ba ta kai a rufe wa yaro makomarsa a kanta ba. Wannan ƙa'ida a hannun NCAA take, tana iya sauya ta. Dokar shekara uku kuwa tana cikin yarjejeniyar 2020 da za ta kai ƙarshen kakar 2030, kuma masu zama teburin cinikin su ne masu kulob da 'yan wasan da suka riga suka shiga, waɗanda kowane sabon yaro gurbinsu yake nema.