Waiwaye: Daga jiniyar Kakuri zuwa sa hannun Yamai

Ranar 21 ga Maris 2018, ƙasashen Afirka 44 suka rattaba hannu a Kigali kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar, wadda ake kira AfCFTA. Najeriya ba ta cikinsu. Ana saura kwanaki kaɗan Shugaba Muhammadu Buhari ya soke tafiyarsa, bayan ƙungiyar ƙwadago ta NLC a ƙarƙashin Ayuba Wabba da ƙungiyar masu masana'antu ta MAN sun yi tsalle sun dire, sun ce ba a shawarce su ba, kuma abin zai cinye ayyukan 'yan ƙasa. A waje an yi ta mamakin yadda giwar Afirka ta ja da baya. Wanda ya san Kakuri bai yi mamaki ba.

A Kakuri ta Kaduna aka buɗe masaƙar KTL a 1957, zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila. Cikin shekarun 1960 Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya. Kano ta samu nata a Bompai da Sharaɗa da Challawa, Funtua da Gusau ma suka samu. Jiniya na kaɗawa, dubban mutane su fito a kan kekuna, wasu dubban su shiga. Kuma ba su kaɗai ke ci a jikin masaƙa ba: akwai manomin auduga a Malumfashi, da mai aiki a gidan gurza, da direban babbar mota, da mai tuwo a bakin ƙofa, da mai gidan haya. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da aka kafa a 1978 ta yi ƙarfin da ake zama da ita a yanka albashi. Daga cikinta Adams Oshiomhole ya fito, wanda ya taɓa aiki a Arewa Textiles, har ya kai ga shugabancin NLC a 1999.

Ɓarakar ta fara ne da SAP, shirin gyaran tattalin arziki na Janar Babangida, a 1986. Naira ta faɗi, kayan gyaran injuna da sinadarin rini suka yi tsada, aka rushe hukumar sayen auduga, manomi ya rasa mai ba shi iri mai kyau da tsayayyen farashi. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, sannan a 1997 gwamnatin Abacha ta ɗage haramcin shigo da yadi. Sin ta shiga ƙungiyar a ƙarshen 2001, masaƙunta suka cika duniya da kaya masu araha.

A nan labarin da aka saba bayarwa yake tsayawa: an buɗe ƙofa, masaƙu sun mutu. Ni ina ganin rabin zancen ke nan. Gwamnatin Obasanjo ta dawo da haramcin a 2002, amma a wannan shekarar KTL ta rufe, UNTL kuma ta tsaya a 2007, ƙofa tana rufe a takarda. Atamfar da aka hana ta sauka a Legas sai ta sauka a Kwatano, ta haura Nijar a matsayin kayan wucewa, ta kwana a Maraɗi ko Birnin Ƙonni, ta ɓullo ta Jibiya ko Illela, gari na wayewa tana Kantin Kwari, wani lokaci da zanen masaƙun gida da aka kwaikwaya. Fasa-ƙwauri bai san wata yarjejeniya ba. A ɗaya ɓangaren, wutar NEPA ba ta tsayawa, baƙin man da tukwanen masaƙu ke sha ya yi wuyar samu, injunan sun tsufa. Kuma wa zai ga laifin uwar da ke haɗa kayan ɗiyarta, ko matan da ke fitar da anko, idan sun ɗauki mai sauƙin kuɗi? Su ma 'yan Kwari da 'yan dako da teloli abincinsu suke nema.

Wannan tabon ne ya sa Najeriya ta noƙe lokacin da aka kammala tattaunawar yarjejeniyar ciniki ta EPA tsakanin Tarayyar Turai da Afirka ta Yamma a 2014. Ghana da Kwaddibuwa suka kama tasu ta wucin gadi, Abuja ta ƙi sa hannu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Ta AfCFTA kuwa ba ta ƙiyu ba har abada. Bayan an kafa kwamiti an zagaya an ji ra'ayoyi, Buhari ya sa hannu ranar 7 ga Yuli 2019 a Yamai, a gaban mai masaukin baƙi Mahamadou Issoufou, wanda shi ne Tarayyar Afirka ta ɗora wa jagorancin aikin. Wata guda da 'yan kwanaki bayan haka, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur, ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020. Mutanen Katsina da na Maraɗi ne suka fi jin jiki. A hukumance an fara ciniki a ƙarƙashin yarjejeniyar ranar 1 ga Janairu 2021, da alƙawarin cire harajin fito a kan kashi 90 cikin 100 na nau'o'in kaya sannu a hankali.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, duk wannan ja-in-ja a kan ƙofa ake yin sa, a buɗe ko a rufe, ba a cika maganar wanda ke bakin inji ba. A Arewacin Amurka sun sha irin wannan muhawara. Yarjejeniyar ciniki ta NAFTA ta 1994, tsakanin Amurka da Kanada da Meziko, ta ajiye batun ma'aikata a wata takarda ta gefe maras haƙora. Da aka maye gurbinta da USMCA a 2020, aka saka hanyar kai ƙarar masana'anta guda idan ta danne 'yancin ƙungiya. Da wannan hanyar aka sake ƙuri'a a kamfanin motoci na General Motors da ke Silao a Meziko a 2021, ma'aikata suka yi watsi da tsohuwar yarjejeniyar aikinsu, shekara ta zagayo suka zaɓi ƙungiya mai zaman kanta. AfCFTA tana da sassa kan kaya, da zuba jari, da cinikin intanet, har da mata da matasa, amma ba ta da babi na musamman kan haƙƙin ma'aikata.

Sannan ga ƙa'idar asalin kaya, wadda ɓangaren yadi da na motoci suka fi ko'ina cin lokaci a tattaunawarta. Idan aka shigo da yadi daga Asiya, aka ɗinka riga a wata ƙasar Afirka, shin kayan Afirka ne da zai shiga Kano ba haraji? Ƙasashen da ke da masu ɗinki suna so a ce e, masu auduga da masaƙu suna so a ce sai an kaɗa zaren an saƙa a nahiyar. A Kakuri kuwa ciyawa ta rufe harabar wasu masaƙun, kuma tsofaffin ma'aikata da matan waɗanda suka rasu sun shafe shekaru suna kai takardar neman kuɗin sallamarsu daga wannan ofis zuwa wancan.