Man injin kwale-kwale mai bugu biyu: daɗewarsa da matsalolin ajiya

Man injin kwale-kwale mai bugu biyu wani nau'in mai ne da ake gaurayawa da fetur domin ya shafe cikin injin da ake ratayawa a bayan jirgin ruwa. Ana ce wa injin mai bugu biyu ne domin fistin ɗinsa hawa ɗaya da sauka ɗaya yake yi a kowace ƙonewar fetur. Makanikai da masu shagunan kayan gyara sukan kira shi 2T, sunan da ya haɗa shi da man tsofaffin babura, da na ƙaramin janareta, da na injin yankan itace, alhali ba abu ɗaya ba ne. Inda ya sha bamban da baƙin man mota shi ne ba ya zama cikin inji yana zagayawa har ranar juye. Shiga ɗaya yake yi. Ya bi fetur ta kafireto, ya shafi boris da fistin da ringi, ya ƙone, ya fita tare da hayaƙi. Duk abin da ya same shi a galan kafin a zuba, inji ne zai sha shi kai tsaye.

Tarihi

Injin mai bugu biyu ya samo asali daga aikin Dugald Clerk, injiniya ɗan Sukotland, wanda ya yi rajistar nasa a 1881. Amma fasalin da ya jawo buƙatar wannan mai na Joseph Day ne, ɗan Ingila, wajen 1889 zuwa 1891. Day ya sa fetur da iska su fara ratsa ƙasan inji, inda karanshaf ke juyawa, kafin su hau inda ake ƙona su. A injin mota nan ne makwancin baƙin mai. Da wurin ya zama hanyar fetur, sai mai ya rasa wurin zama, ya zama dole a zuba shi cikin fetur ɗin su tafi tare.

Rataya inji a bayan jirgi kuwa, ana danganta farkonsa ga Gustave Trouvé na Faransa, wanda ya gwada na lantarki a kogin Seine a 1881. Na fetur ya kafu ne a Amurka. Cameron Waterman ya fito da nasa wajen 1905, sannan Ole Evinrude, haifaffen Norway da ya zauna a Milwaukee, ya fara sayar da nasa a 1909, kuma nasa ne ya karɓu. Mercury ta biyo baya a 1939. Daga Japan, Tohatsu ta fara a 1956, Yamaha a 1960, Suzuki a 1965. Samfurin Enduro na Yamaha, wanda aka ƙera domin masunta da masu fito, yana cikin waɗanda ake yawan gani a kogin Neja da Binuwai.

A shekarun farko babu wani mai na musamman. Man mota mai lamba SAE 30 ake zubawa, kuma da yawa: kashi 1 na mai cikin 16 ko 24 na fetur. Inji na tafe hayaƙi na binsa, fulogi kuma kullum cikin kunkunniya. Masu tsere sun fi son man zurma saboda yana jure zafi, daga sunan wannan tsiro ma a Turance kamfanin Castrol ya ciro nasa sunan. Sai dai man zurma shi ne farkon wanda ya nuna matsalar ajiya ƙarara. Idan ya daɗe yakan yi danƙo, idan sanyi ya kama shi kuma ya rabu da fetur ya kwanta a ƙasan tanki.

A 1964 injinan Johnson da Evinrude suka koma ma'aunin 50 da 1, wanda har yau shi ne ruwan dare. A cikin shekarun 1960 ƙungiyar masu sana'ar jiragen ruwa ta Amurka, BIA, ta fito da ma'aunin inganci mai suna TC-W. Magajiyarta, NMMA, ta sabunta shi zuwa TC-WII wajen 1988, sannan TC-W3 wajen 1992, kuma wannan tambarin ne ake nema a jikin galan. A tsakiyar shekarun 1980 kamfanin da ke ƙera Johnson da Evinrude ya gwada 100 da 1 a wasu injinansa, bayan 'yan shekaru ya janye ya koma 50 da 1. Dalilin da aka fi ambata shi ne man da ke saura a jikin ƙarfe ya yi kaɗan, injin da aka jingine na watanni sai ya yi tsatsa daga ciki.

Dokokin hayaƙi na Amurka, waɗanda suka fara aiki daga 1998, sun kori tsohon fasali mai kafireto daga kasuwannin can sannu a hankali. An daina ƙera injinan Evinrude a 2020. A Afirka da Asiya kuwa mai bugu biyu na nan daram, saboda sauƙin gyara da rashin nauyi.

Abin da ke cikinsa

Kaso mafi girma tataccen mai ne, ko dai na ɗanyen man ƙasa ko na haɗin masana'anta. Ana sirka shi da wani ruwa dangin kananzir domin ya yi saurin narkewa cikin fetur. Sai sinadaran hana dauɗa maƙalewa a ringi, da na hana tsatsa, da rini shuɗi ko kore wanda ke sa a gane fetur ɗin da aka riga aka haɗa.

Injin jirgi da ruwa yake sanyaya kansa, don haka bai kai injin babur ko na yankan itace zafi ba, ga shi yana daɗewa yana gudu a maleji ɗaya. Shi ya sa ake yin TC-W3 da sinadaran da ba sa barin toka idan sun ƙone. Man injinan da iska ke sanyayawa, masu tambarin ma'aunin inganci na JASO ko API TC, yawanci yana da ɗan sinadarin ƙarfe da ke barin toka a kan fistin da fulogi.

Tsawon daɗewarsa

Babu wa'adi ɗaya da kowa ya yarda da shi. Abin da kamfanoni da dama ke bayarwa shi ne har kusan shekara 5 ga galan ɗin da ba a fasa hatiminsa ba, da shekara 1 zuwa 2 ga wanda aka buɗe. Galan da yawa ba su da ranar ƙarewa, sai lambar rukuni ko ranar cikawa. Tsofaffin makanikai sukan ce mai ba tuwo ba ne balle ya kwana ya lalace, kuma akwai gaskiya a ciki, domin shi asalin man a hankali yake tsufa. Abin da aka sirka shi da shi, da abin da ya shiga daga waje, su ke fara ba da matsala.

Abubuwan da ke lalata shi

Zafi da buɗaɗɗen murfi tare suke aiki. Ruwan nan mai kama da kananzir yana bin iska, man da ya saura sai ya yi kauri. Mai kauri ba ya narkewa da wuri. Idan aka tuttula shi cikin tanki ba a girgiza ba, sai ya gangara ƙasa, inda bakin tiyo yake. Inji ya fara da shan mai zalla yana tari da hayaƙi, daga baya ya koma shan fetur da ba mai a cikinsa, a nan ne fistin ke kamewa. Iskar da ke cikin rabin galan kuma tana sa man ya yi duhu, ya bar danƙo a gindi. Hasken rana yana gasa robar galan har ta tsage.

Laima ta fi zafi ɓarna, don ba a ganinta. Galan da aka sha rabinsa yana shaƙar iska da dare idan gari ya yi sanyi, ya fitar da rana. Kowace shaƙa tana barin ɗan gumi a bangon ciki, gumin ya gangara ya taru a ƙasa tunda ruwa ya fi mai nauyi. Duron da aka tsayar a fili ma haka yake: ruwan sama ya kwanta a samansa, ya zagaye murfi, da ƙarfen ya huce sai ya zuƙe shi ciki. Don haka ake kwantar da duro a gefensa a kan katako, ko a karkata shi. A manyan injina masu tankin mai daban da famfon da ke auna shi, abin ya fi muni, domin famfon daga ƙasa yake ja. Ruwan zai fara turawa, inji yana gudu ba abin da ke shafe shi.

Gauraya mai iri biyu ma yakan jawo matsala. Sinadaran wani kamfani ba lallai su jitu da na wani ba, musamman idan an haɗa na jirgi da na babur, ko an sa man zurma a ciki. Sakamakon wani abu ne mai yauƙi, wani lokaci gudaji-gudaji kamar kunun da bai damu ba, yana toshe ragar tace mai da ƙananan ramukan kafireto. Gwajin TC-W3 ya haɗa da tabbatar da cewa mai ya jitu da 'yan uwansa masu tambari ɗaya, amma wannan bai shafi man da ba shi da tambarin ba.

Sanyi ba abin damuwa ba ne a Nijeriya. Ko hunturun Jos ɗan kauri kawai yake sa shi, da rana ta ɗaga ya sake.

Bayan an haɗa shi da fetur

Ma'aunin 50 da 1 na nufin mililita 20 a kowace lita ta fetur, wato rabin lita ga tanki mai lita 25. Sabon inji akan ninka masa, 25 da 1, a sa'o'in farko. Daga lokacin da aka haɗa, lissafin shekaru ya ƙare, an koma na makonni, domin fetur ya fi mai saurin mutuwa nesa ba kusa ba. Sassansa masu saurin kamawa suna ficewa, sauran ya yi tsami yana wari kamar tsohon fenti, ya bar wani jan danƙo a kwanon kafireto. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce kada haɗin ya wuce wata guda.

Fetur mai barasa a ciki, ethanol ko methanol, yana jan ruwa daga iska. Idan ruwan ya kai wani mizani sai haɗin ya rabu gida biyu: fetur da mai a sama, barasa da ruwa a ƙasa. Girgiza ba ta mayar da shi. A watan Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA mai kula da harkar man fetur a Nijeriya ta sanar da cewa an shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima, aka janye shi daga kasuwa, abin da ya haddasa dogayen layuka a gidajen man Abuja da Legas.

A Abuja

Abuja ba garin jirgi ba ne. Injinan da ke cikin birni yawanci na jiragen shaƙatawa ne a tafkin Jabi. Masu amfani da irin wannan mai da yawa a nesa suke: 'yan fito da masunta na Gurara, da Lokoja inda hedikwatar hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida take, da Loko a bakin Binuwai, da tafkunan Shiroro da Kainji. Wannan ya sa man jirgi ba ya tafiya da sauri a shagunan Apo da Zuba kamar baƙin man mota. Kwali ɗaya kan iya cin damina biyu a kan kanta.

Kantar ma sau da yawa cikin kwantenar ƙarfe take. A watan Maris, lokacin da zafin gari ke haura digiri 35, cikin kwantena da azahar ya wuce haka sosai, galan ɗin da ke sama kusa da rufi idan ka taɓa shi sai ka ji ɗumi kamar an sauke shi daga murhu. Daga Afrilu zuwa Oktoba kuma laima ce ke karɓar aiki. Man da ya kamata ya kai shekara 5 a ɗaki mai sanyi ba a sa ran ya kai haka a nan.

Akwai kuma sayarwa a tsiyaye. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya sayen galan, sai a auna masa a robar ruwa ko ta lemo, wadda sau da yawa da sauran ɗigon ruwa a cikinta. A irin wannan roba ba tambari, ba ranar cikawa, ba kuma yadda za a san ko an sirka da baƙin mai. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, zubar da haɗin da ya kwana biyu ya zama abu mai ciwo, mutane sukan ƙara masa sabo su ci gaba. Jabun mai a galan mai kama da na asali yana cikin abubuwan da hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ke farauta.

Gane wanda ya lalace

Gwajin da aka saba yi a bakin ruwa ba ya buƙatar kayan aiki. Maigida zai sa yaronsa ya kawo busasshiyar kwalba fara, a tsiyaya mai kaɗan daga gindin galan, ba daga sama ba, a ɗaga ta saitin rana. Lafiyayyen mai garau yake, launinsa ɗaya daga sama har ƙasa, idan aka karkata kwalbar yana gangarowa sumul. Wanda ruwa ya shiga yakan yi hazo-hazo, ko ya koma kamar an ɗiga masa madara. Idan aka ga zare-zare, ko gudaji, ko laka a ƙasa, an gama magana. Daga nan sai a zuba fetur kaɗan a kai, a girgiza, a ajiye zuwa bayan la'asar. In ya rabu ko wani abu ya kwanta, ba a sa shi a inji.

Ajiyar da ta dace ita ce cikin galan ɗinsa na asali, murfi a ɗaure, a inuwa, a ɗage daga ƙasa, nesa da wuta domin ya fi baƙin mai saurin kamawa. Wasu kan rubuta ranar buɗewa a jikin galan da alƙalamin maka. Injin da za a jingine kuwa, ana cire tiyon fetur a bar shi ya shanye na cikin kafireto har ya mutu da kansa, sannan a ɗiga mai kaɗan ta ramin fulogi a ja igiya sau biyu ko uku.

Saɓani

Ana jayayya kan ko man haɗin masana'anta ya fi na ɗanyen mai daɗewa a ajiye, da kuma ko ya halatta a sa TC-W3 a janareta da injin yankan itace. Masu ƙera injin yankan itace sun hana. Masu janareta da yawa suna sawa.

Zubarwa

Ba a zuba lalataccen mai a kwata ko a kogi. Ana haɗa shi da juyayyen baƙin mai a ba masu tarawa a garejin makanikai.