Likitan Amurka mai DO a bayan suna, doka ta san da shi kuwa?

Wani ya ga takardar asibiti daga Amurka, likitan ya sa hannu da DO (Doctor of Osteopathic Medicine, digirin likitan ostiyopat) ba MD (digirin likita da aka saba gani) ba, sai hankalinsa ya tashi wai mai tausa aka haɗa ɗan'uwansa da shi. Ba haka ba ne. A dokar Amurka duk jihohi 50 suna ba mai DO cikakken lasisi, ya rubuta magani, ya yi tiyata, ya karɓi haihuwa, komai da MD ke yi. Mississippi ce ta ƙarshe da ta yarda, a 1973.

Wani likita ne, Andrew Taylor Still, ya buɗe makarantar DO ta farko a Kirksville, jihar Missouri, a 1892. Yanzu makaranta ba ta isa ta ba da wannan digiri ba sai hukumar COCA ta tantance ta. Sai ka gama digirin farko ka rubuta MCAT, jarabawar shiga makarantar likita, sannan shekara huɗu, biyun farko aji da lab da yanka gawa, biyun ƙarshe kana wodi kana bin manya zagaye. Inda suka bambanta da 'yan MD shi ne kusan awa 200 da ake ƙara musu na aikin hannu, ɗalibi ya kwanta kan tebur ɗan ajinsu ya lalubo inda tsoka ta ɗaure a wuya ko baya ya sassauta ta, an jima su yi musanya. Da yawansu in sun fara aiki ba su cika amfani da shi ba ma, gaskiya.

Jarabawar lasisinsu COMLEX ce, mataki uku, 'yan MD kuma USMLE. Amma yawancin yaran DO masu neman fanni mai wuyar samu kamar tiyata sai su rubuta duka biyun, kuɗi biyu wahala biyu, don kar a raina su wajen ɗaukar masu horon ƙwarewa. Tun 2020 horon ƙwarewar ya koma ƙarƙashin hukuma ɗaya, ACGME, MD da DO layi ɗaya suke bi.

Ruɗanin daga Ingila yake zuwa. Can akwai masu sunan ostiyopat, dokar 1993 ce ta tsara su, an yi musu rijista, amma ba likitocin asibiti ba ne, ba sa rubuta magani ba sa tiyata. Shi ya sa in aka ce maka wane ostiyopat ne, fara tambayar a wace ƙasa ya yi karatu.