Naman Sallah da ƙwayoyin da ke cikin hanjinmu

Jama'a, kwanakin Babbar Sallah ne lokacin da a ƙauyukanmu na Jigawa ake jingine tukunyar miyar kuka. Da safe soyayyen nama, da rana kayan ciki, da dare shinkafa da kakiɗe. Kafin mako ya zagayo sai ka ji ana kukan ciki: wannan kumburi, wancan gudawa, wata kuma ta kasa zagawa.

A babban hanjin kowannenmu akwai ƙwayoyin halitta bila adadin waɗanda ido ba ya gani, kuma yawancinsu masu amfani ne. Abincinsu shi ne abin da cikinmu bai iya narkarwa da kansa, kamar dusar gero da dawa, da ɓawon wake, da ganye. Idan suka ci, sai su fitar da wani sinadari da ke ciyar da bangon hanji.

A 2014 masana a Jami'ar Harvard ta Amurka suka wallafa wani gwaji da suka yi da mutum 10, inda aka ciyar da su nama da ƙwai da cuku zalla na kwana 5. Kwana ɗaya da isar abincin hanji, ƙwayoyin suka fara sauyawa. Dalili kuwa, yawan kitse na sa ruwan matsarmama ya ƙaru a hanji. Ƙwayoyin da ke jure masa, irin su Bilophila, suka yawaita, masu cin dusa da ganye suka ragu. Abin farin ciki, kwana 2 da komawa abincin da suka saba, hanjin ya daidaita.

Ba na hana kowa cin naman layyarsa, ni'ima ce. Roƙona ga iyayenmu mata shi ne kada tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa su bar gida a kwanakin nan. A ɗora kwaɗon zogale ko na rama kusa da kwanon nama, a soya a adana, a riƙa ci kaɗan-kaɗan.

Abin da ya fi damuna shi ne garzayawa kemis a sayo Flagyl da zarar ciki ya murɗa. Irin wannan magani ba ya ware ƙwayoyi masu amfani, har su yake kashewa. Mai gudawa ya sha ruwan gishiri da sukari, yaro a haɗa masa da zinc. Idan kuwa aka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko yaro ya kasa shan komai, a kawo shi asibiti a ranar.